Babi na Bakwai: Abin da Rajistar Asibitin Sha-ka-tafi ta Sani

Da sanyin safiya a tsakiyar hunturu, tun rana ba ta ratsa hazo ba, bencinan da ke ƙofar ɗakin ganin likita sun riga sun cika. Ga uwa da goyo, ta lulluɓe shi da zani har ka. Ga dattijo ya naɗe wuya da rawani yana fyace majina a hankici. Ga 'yan makaranta biyu da rigunan sanyi a kan yunifom. Tari ya tashi daga wannan kusurwa, wani ya amsa daga waccan. Da layi ya zo kan mai goyon, sai malamin asibiti ya miƙa hannu ya karɓi kati.

"Hajiya, me ke damun sa?"

"Malam, jikin ne zafi rau tun shekaranjiya, ga tari, ko nonon ma ba ya kamawa sosai."

Ya sa ma'aunin zafi a hammatar yaron, ya duba, ya rubuta magani, sannan ya jawo babbar rajistar nan mai bangon kwali ya cike layi ɗaya: lamba, shekaru, namiji ko mace, unguwa, da abin da ya kawo shi. "Allah ya ba shi lafiya. Na gaba!" Kafin azahar an cinye shafi uku. In rajistar ta cika, sai a jefa ta saman kabad wajen 'yan'uwanta, ƙura ta ci gaba da hawan ta.

Na daɗe ina jin zafin yadda muke wofintar da irin wannan littafi. Layi ɗaya labarin yaro ɗaya ne kawai. Amma idan aka haɗa layukan asibitoci ɗari, mako bayan mako, shekara bayan shekara, za su gaya maka makon da mura ta shigo gari, da waɗanda ta fara kamawa, da ko ta bana ta fi ta bara ƙarfi, tun kafin gadajen asibiti su fara cika. Akwai ƙasashen da suka gina tsarin sa ido guda a kan wannan kaɗai, kuma mafi shahara cikinsu shi ne na Amurka.

Sai mu fara warware wata sarƙaƙiya ta harshe. Bahaushe da "mura" yake kiran duk abin da ya zo da majina da atishawa da tari. Likitoci kuwa sun ware guda ɗaya daga cikin taron, wadda ƙwayar infuluwenza ke haddasawa. Ita ce mai zuwa farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi da ciwon gaɓoɓi, ta kwantar da ƙato kwana uku ko biyar, ta kuma iya gangarawa huhu ta hallaka tsoho ko jariri ko mai ciki ko mai ciwon suga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kama mutum kusan biliyan ɗaya a kowace shekara, miliyan 3 zuwa 5 daga cikinsu ta yi musu tsanani, kuma tana ɗaukar rai tsakanin 290,000 da 650,000 ta hanyar ciwon numfashi. Matsalar ita ce, da ido ba a bambance ta da sauran. Sai an kai samfur ɗakin gwaji. Shi kuwa gwaji yana cin kuɗi da lokaci, ba kowa za a yi wa ba. Don haka masana suka sauko da burinsu ƙasa da gangan, suka ce a ƙirga abin da ya yi kama da ita. Daga nan aka samo sunan "ciwo mai kama da infuluwenza".

A Amurka, cibiyar yaƙi da cututtuka ta CDC da ke Atlanta ita ke tattara wannan ƙidaya, ƙarƙashin wani tsari mai suna ILINet. Wuraren duba marasa lafiya sama da 3,000 ne ke ciki: likitocin iyali, likitocin yara, ɗakunan agajin gaggawa, asibitocin ɗalibai a jami'o'i. Ma'anar da aka ba su gajeriya ce, yaro ma zai haddace ta: zafin jiki da ya kai 37.8 a ma'aunin Salsiyas, tare da tari ko ciwon maƙogwaro. Shi ke nan. Kowane mako kowane wuri zai aika da lambobi iri biyu, adadin duk waɗanda aka duba a makon ko mene ne ya kawo su, da adadin waɗanda suka cika waccan ma'ana, a rarrabe bisa shekaru: daga haihuwa zuwa 4, 5 zuwa 24, 25 zuwa 49, 50 zuwa 64, sai 65 zuwa sama. Ba a aika suna, ba a aika adireshi. Ana fara lissafin kakar mura daga mako na 40 na shekara, wato farkon Oktoba, kuma akan fitar da rahoton mako, mai suna FluView, ranar Juma'a.

A cikin lambobin nan biyu, mutane sukan zuba ido a kan ta masu tari da zazzaɓi. Ni kuwa a ganina ɗaya lambar, ta jimillar waɗanda suka zo, ita ce ƙashin bayan aikin. A ce wani asibiti ya aiko da labari cewa ya ga mutum 30 masu tari da zazzaɓi a wannan mako. Sun yi yawa ko sun yi kaɗan? Ba wanda zai iya ce maka. Idan cikin mutum 1,500 ne, kashi 2 cikin ɗari ke nan, ruwa yana kwance. Idan cikin mutum 300 ne, kashi 10 cikin ɗari ne, gari ya kama. Da wannan rabon ne ake iya jera ƙaramin asibitin ƙauye da katafaren asibitin birni a kan ma'auni guda, da shi ne kuma idan wasu wurare suka makara ba su aiko da nasu ba, lissafin ƙasa ba ya rushewa gaba ɗaya.

To, daga kashi nawa za a ce mura ta shigo? Ai ko a tsakiyar bazara ba a rasa mai tari da zazzaɓi. Saboda haka ake ja layi. Ana komawa kakanni uku da suka wuce, a tsamo makonnin da ɗakunan gwaji suka nuna infuluwenza ba ta yawo, a ɗauki matsakaicinsu, sannan a ɗora masa wani rata na lissafi saboda hawa da saukar da ba a rasawa ko da lafiya lau ake. Wannan layi shi ne magaryar tuƙewa, kuma kowane ɗaya daga yankuna goma na ƙasar yana da nasa, domin abin da yake al'ada a wani yanki tashin hankali ne a wani. A kakar 2017 zuwa 2018 layin ƙasa yana kan kashi 2.2. Ƙidayar ta haura shi ta zauna sama har mako 19, kuma a farkon Fabrairu ta kai kashi 7.5, dab da kashi 7.7 da aka gani a watan Oktoba na 2009, lokacin annobar da aka riƙa kira murar aladu. Shugaban asibitin da ke kallon lambar tana hawa mako uku a jere ya san lokaci ya yi da zai dakatar da hutun ma'aikata, ya ƙara odar magani, ya tanadi gadaje. Likitan da ke zaune da mai zazzaɓi a gabansa kuma ya san cewa a irin wannan mako zato mafi ƙarfi infuluwenza ce, sai ya fara ba da maganinta da wuri, domin maganin ya fi aiki cikin kwana biyun farko.

Sai dai lambar jimilla tana da nata halin, kuma duk wanda ya jima yana duba jadawalin ya san shi. Kusan kowace shekara, a makon ƙarshe na Disamba, layin yakan yi tsalle sama. Ba lallai murar ce ta ƙaru haka ba. Makon Kirsimeti ne, mai zuwa awon hawan jini da mai zuwa a duba masa gwiwa duk sun ɗage zuwansu sai bayan biki, wanda zazzaɓi ya kayar ne kawai ya fito. Jimilla ta ragu, rabon ya kumbura. Duk wanda ya taɓa leƙa asibiti ranar Sallah ya ga irin wannan da idonsa.

Ba Amurkawa ne suka fara ba. A Birtaniya, ƙungiyar likitocin unguwa ta ƙasar ta soma karɓar rahoton mako-mako daga wasu zaɓaɓɓun likitoci tun 1967, kuma har yau ba a daina ba. A Faransa an kafa nasu tsarin, Sentinelles, a 1984, inda likitocin sa-kai ke tura ƙidayarsu ta Minitel, wata 'yar na'ura mai allo da ake jonawa da layin tarho, shekaru kafin intanet ta shiga gidaje. Abin da ya ba waɗannan tsare-tsare daraja shi ne daɗewarsu. Ƙidayar shekara ɗaya ba ta da abin kwatance. Ta shekara arba'in kuwa, da ma'ana guda da ba a yi ta sauyawa ba, tana ba ka damar cewa irin wannan kaka sau nawa aka taɓa gani.

Amma tunda mai kama da abu ake ƙirgawa, dole a sami wanda zai leƙa ya ga ko shi ne. Ƙwayoyin cuta da yawa na sanye da riga iri ɗaya: RSV mai wahalar da jarirai, da ƙwayoyin mura ta yau da kullum, da wasunsu. Shi ya sa ake ɗaukar samfur daga wani kaso na masu zuwa, a zura siririn tsinke mai auduga a hanci ko maƙogwaro, a jefa shi cikin 'yar kwalba mai ruwa, a ajiye a sanyi, a aika ɗakin gwaji inda ake yin gwajin PCR. Rajista ta faɗi yawan marasa lafiya, ɗakin gwaji ya faɗi mai laifin. Tafiyar wannan tsinke ba ta tsayawa a nan. Tun 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya ke da sarƙar ɗakunan gwaji na ƙasashe da ke musayar ƙwayoyin infuluwenza, domin ƙwayar tana sauya kama a kai a kai, rigakafin bara ba lallai ya kama ta bana ba. Sau biyu a shekara masana ke zama su zaɓi nau'o'in da za a sa a allurar rigakafi, a Fabrairu don ƙasashen arewacin duniya, a Satumba don na kudu. Kamfanoni na buƙatar wajen wata shida su haɗa ta, mafi yawa a cikin ƙwan kaji. Wato majinar wani yaro da aka ɗiba a wani ƙaramin asibiti tana iya shiga cikin hujjojin da za su yanke irin allurar da miliyoyin mutane za su karɓa.

Watan Maris na 2020 ya nuna amfanin haɗa idanun nan biyu. A Amurka ɗakunan gwaji na nuna infuluwenza tana ja da baya, kaka ta zo ƙarshe, amma layin ILINet sai ya sake miƙewa sama karo na uku a wannan kaka. Masu tari da zazzaɓi na ƙaruwa, infuluwenza na raguwa. Korona ce ta shigo ta sa rigar mura, a lokacin da kayan gwada ta suka yi ƙaranci matuƙa. Wasu masu bincike sun yi amfani da wannan rarar wajen ƙiyasta cewa waɗanda suka kamu sun ninka waɗanda aka tabbatar sau da yawa. A lokaci guda kuma tsarin ya jigata, don mutane sun ƙaurace wa asibiti saboda tsoro, wasu sun koma ganin likita ta waya, jimilla ta faɗi warwas, fassara lambar ta yi wuya. Kakar da ta biyo baya ta zo da wani abin mamakin. Da takunkumin fuska da rufe makarantu da taƙaita tafiye-tafiye, infuluwenza ta kusa ɓacewa, layin bai haura magaryarsa ba har kakar ta ƙare. Wani reshe na ƙwayar, B/Yamagata, ba a sake tabbatar da ganinsa yana yawo ba tun Maris na 2020, har aka ba da shawarar cire shi daga allurar rigakafi. Da ba a ci gaba da ƙirgawa da gwadawa a makonnin da babu komai ba, da ba wanda zai iya shaida cewa ya tafi.

An taɓa gwada tsallake rajistar gaba ɗaya. Rahoton CDC yakan makara da mako ɗaya zuwa biyu, saboda sai an tattaro an tace. A 2008 kamfanin Google ya ƙaddamar da Google Flu Trends, da tunanin cewa mai zazzaɓi yakan fara tambayar intanet kafin ya je asibiti. Sun tace kalmomin bincike miliyan 50, suka zaɓi 45 da hawansu da saukarsu suka fi dacewa da layin ILINet na shekarun baya. Da farko abin ya burge duniya. Sai annobar 2009 ta ɓarke a bazara, ba a lokacin da aka saba ba, na'urar ba ta gan ta da kyau ba. A kakar 2012 zuwa 2013 kuma ta zuzuta abin har kusan ninki biyu na abin da asibitoci suka gani. Wani nazari da aka buga a mujallar Science a 2014 ya nuna ta yi sama da gaskiya a mako 100 cikin 108. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: idan kafofin labarai suka cika da maganar mura, har mai lafiya yakan shiga bincike, kuma na'urar ta koyi gane lokacin sanyi fiye da gane cutar. A 2015 aka daina wallafa ta. Har yau masu hasashen mura na amfani da bayanan intanet, suna kuma samun amfaninsu, amma da ƙidayar asibiti suke daidaita su, don a can ne wani ya sa ma'auni a jikin mutum ya karanta.

Yanzu mu dawo gida, domin muna da hannu a wannan aiki. A Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji a Jaji, jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. A farkon 2007 ta kashe wata matashiya a Legas. Wannan firgici ne ya tayar da hukumomi, kuma a 2008 Najeriya ta fara sa ido kan infuluwenza ta zaɓaɓɓun asibitoci huɗu: ɗaya a Abuja, ɗaya a Legas, ɗaya a Nnewi, sai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ana ɗibar samfur daga masu zuwa su koma gida da kuma waɗanda aka kwantar, a aika Abuja. A Nijar, cibiyar bincike ta CERMES da ke Yamai ta ɗauki irin wannan nauyi tun 2009, kuma abin da ta gano ya yi daidai da abin da iyayenmu ke faɗa, cewa mura ta fi ƙarfi a lokacin sanyin hunturu, wajen Janairu da Fabrairu. A Senegal kuwa, shekarun ƙidayar Cibiyar Pasteur ta Dakar sun nuna da damina take zuwa. Ƙasashe biyu a yanki guda, kakanni biyu dabam. Wanda ya kwafo kalandar Turai ya ce da ita zai tsara rigakafi a nan, zai yi shuka a kan dutse.

Ma'anar da muke aiki da ita ta Hukumar Lafiya ta Duniya ce, kuma ta ɗan sha bamban da ta Amurka: zafin jiki da aka auna ya kai 38, da tari, kuma ciwon bai wuce kwana goma da farawa ba. An cire ciwon maƙogwaro, ɗaya daga dalilan shi ne jariri ba zai iya ce maka maƙogwaronsa na ciwo ba. Kalmar da ta fi nauyi a ciki ita ce "aka auna". A nan ne ƙasarmu ke da nata tarnaƙi. Kafin uwa ta ɗauko yaro zuwa asibiti, sau da yawa ta riga ta biya ta kemis, an ba shi farasitamol, zafin ya sauka, ma'auni ya nuna 37, yaron ya zame daga ƙidaya alhali da infuluwenzarsa. A wani wurin ma'aunin ma ya fashe ko batirinsa ya mutu, da bayan hannu ake taɓa goshi. Ga kuma babban mai shanye komai, zazzaɓin cizon sauro. A bakin jama'a, har da na wasu ma'aikatan, duk zazzaɓi maleriya ne. Yaro ya zo da tari da zafin jiki a watan Janairu, lokacin da sauro ya yi ƙasa, a rubuta masa maleriya, a ba shi maganinta, rajista ta haɗiye shi da sunan da ba nasa ba. Gwajin gaggawa na ɗigon jini ya rage wannan, amma bai kawar da shi ba, don mutum na iya ɗauke da ƙwayar maleriya a jininsa alhali abin da ya kwantar da shi yau daban ne. Sannan akwai waɗanda ba su zuwa sam, mai nisa da asibiti, da wanda ba shi da kuɗin kati, da dattijon da ya ce ai mura ce, a dafa masa citta da kanumfari. Rajista waɗanda suka iso kawai ta sani, kuma duk mai karanta lambarta ya wajaba ya riƙe wannan a ransa.

Duk da haka ban yarda cewa talauci ne ke hana wannan aiki ba. A Madagaska, tun 2007 Cibiyar Pasteur ta can ta sa ƙananan asibitoci suna turo ƙidayar masu zazzaɓi kowace rana ta saƙon tes na wayar hannu: mutum nawa aka gani, nawa ke da zazzaɓi, nawa da tari, nawa gwaji ya nuna maleriya. Kayan aikin bai wuce ma'aunin zafi mai aiki, da waya mai kati, da mutum ɗaya da aka ɗora wa alhakin ba. Abin da ke kashe irin wannan tsari a ko'ina shi ne ma'aikaci ya yi ta aikawa wata da watanni bai taɓa jin amsa ba, bai taɓa ganin jadawalin da lambobinsa suka shiga ba. Mutumin da ya duba mutum tamanin kafin la'asar, idan ka ƙara masa fom, haƙƙinsa ne ka dawo masa da labarin abin da fom ɗin ya haifar.

Akwai kuma wata 'yar ƙa'ida da ake koya wa duk wanda zai riƙe wannan fom, wadda na fi son a ɗauka da gaske. Idan mako ya wuce ba a ga ko mutum ɗaya mai tari da zazzaɓi ba, kada a bar gurbin fayau, a rubuta sifili a aika. Gurbin da aka bari fayau yana iya nufin babu mai ciwo, yana iya nufin malamin ya tafi ta'aziyya, ko waya ba caji, ko rajistar ta ƙare ba a kawo sabuwa ba, kuma wanda ke zaune a Abuja ko Yamai ba shi da hanyar sanin wanne ne. Sifili kuwa yana nufin an buɗe ƙofa, an auna kowa, an duba, ba a gani ba. Daga irin waɗannan makonni na watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ya hana kowa sakat kuma bencin masu tari ya zama wayam, ake samo layin da za a auna Janairu mai zuwa da shi.